Sayen gidan haya da kuɗin ritaya a Amurka: abin da doka ta yarda da abin da ke rusa asusu

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai shekara 47 da ya daɗe yana aiki a Amurka. Ya bar wani kamfani, ya bar dala 180,000 a asusun ritayarsa na 401(k) a can. Hankalinsa bai kwanta da inda kuɗin suke ba, domin wani kaso nasu yana cikin takardun bashi masu kuɗin ruwa. Ya ji cewa ana iya mayar da su asusun ritaya na ƙashin kai da ake kira IRA, irin wanda mai shi ke zaɓar abin da za a saya, har a sayi gida. Yana tunanin ɗayan biyu: gidan haya a garin da yake zaune, ko gida a Kano wanda mahaifiyarsa za ta zauna a sashe ɗaya, a ba da ɗaya sashen haya, ƙanensa ya riƙa kula.

Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Tun 1974 da dokar ERISA ta kafa asusun IRA, ba a taɓa hana shi mallakar gida ko fili ba. Dokar harajin Amurka ba ta lissafa abin da aka yarda a saya ba, abin da aka hana ta lissafa, kuma kaɗan ne: inshorar rai, da kayan tarawa irin su zane-zane, darduma, duwatsu masu daraja da tsofaffin kaya. Manyan kamfanonin da suka riƙe asusun yawancin mutane ne ba sa son ɗawainiyar gidaje, shi ya sa suke tsayawa a hannun jari. Sai dai kafin ka ci gaba ka riƙe magana ɗaya, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya: gidan da asusunka ya saya ba gidanka ba ne. Na asusun ne. A idon hukumar haraji ta IRS, kai da asusun kamar mutum biyu ne da aka hana su ciniki da juna, aka hana su yi wa juna alfarma, har ranar da ka cire dukiyar ka biya harajinta. Saboda haka gidan haya a Amurka zai yiwu. Gidan da Hajiya za ta zauna kuwa ba zai yiwu da wannan kuɗin ba, kuma zan nuna maka dalili.

Sashe na 4975 na dokar haraji ya ware wasu mutane da asusun ba zai yi hulɗa da su ba. Akwai kai kanka da matarka. Akwai iyayenka da kakanninka. Akwai 'ya'yanka da jikokinka, da mazajensu ko matansu. Akwai kuma duk kamfanin da waɗannan mutanen suka mallaki kashi 50 cikin ɗari nasa ko fiye. Tsakanin asusun da ɗayan waɗannan, babu saye, babu sayarwa, babu haya, babu rance, babu yi wa juna aiki, babu amfani da kadarar. Ba ruwan doka da adalcin farashi. Ko Hajiya za ta biya haya fiye da ta kowa a unguwar, zamanta a gidan ya karya doka. Kai ma in ka je hutu ka kwana ɗaya a ciki, ya karya. Ɗanka in ya shiga jami'a a garin ya zauna a ɗaki ɗaya, ya karya. Gidan da ka riga ka mallaka ma ba za ka sayar wa asusun ba.

Ƙanenka ba ya cikin jerin. 'Yan'uwa na jini, kawu, baffa, gwaggo da 'ya'yansu duk doka ba ta ambace su ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka, domin a sashen akwai wata doka da ta hana ka juya dukiyar asusun don amfanin kanka. Idan ƙanenka ya zauna kyauta, ko a rabin kuɗin haya, alhali da ma kai ke biya masa haya a wani wuri, to asusun ya sauke maka nauyi ke nan, kuma IRS za ta iya ɗaukar hakan a matsayin amfanin da ya dawo gare ka. In zai zauna ko zai kula da gidan, a yi yarjejeniya a rubuce, a kan kuɗin da kowa zai biya ko zai karɓa a kasuwa, kuma kuɗin ya riƙa shiga asusun a kan lokaci.

Hukuncin karya wannan doka shi ne abin da ya sa nake jan kunne. Ba tarar ɗan abin da aka yi kuskure a kai ake ci ba. Asusun gaba ɗaya ne yake daina zama IRA, kuma ana lissafawa daga 1 ga Janairu na shekarar da abin ya faru, kamar ka cire komai a ranar. Dala 180,000 ɗin za su hau kan albashinka na shekarar. Ko a kashi 24 cikin ɗari kawai aka lissafa harajin tarayya, dala 43,200 ke nan, kuma a zahiri wani kaso zai iya haurawa mataki na sama. Tunda ba ka kai shekara 59 da rabi ba, ga tarar kashi 10, dala 18,000. An haura dala 61,000 tun ba a zo kan harajin jiha ba. Kuɗin biya kuma babu su a hannu, suna cikin bulo da rufi. In sai bayan shekara uku aka gano, akwai ƙarin tara da kuɗin jinkiri.

Kotun haraji ta Amurka ta sha yanke irin wannan hukunci. A shari'ar Peek ta 2013, mutum biyu sun sa asusunsu ya kafa kamfani ya sayi wata sana'a, sai suka tsaya wa bashin cinikin da sunansu. Kotu ta ce tsayawar nan rance ne a fakaice tsakaninsu da asusun, ta rushe asusun nasu. A shari'ar Ellis, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2015, mutumin ya sa asusunsa ya mallaki kamfanin sayar da motoci na hannu, ya riƙa karɓar albashi a matsayin manaja. Shi ma asusun ya tafi. Babu wanda ya saci kuɗin kowa a cikinsu, iyakar da aka shata kawai suka tsallaka.

Yanzu ga yadda ake yi in gidan haya ne a Amurka. Da farko ka buɗe asusun a kamfanin riƙo da ke karɓar gidaje, wato banki ko kamfanin amana da doka ta amince ya riƙe IRA. Ka yi wannan tun kafin ka fara neman gida, domin ɗauko kuɗi daga tsohon wurin aiki yakan ci makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi a tura kuɗin kai tsaye daga 401(k) zuwa sabon kamfanin. Idan aka rubuta cek da sunanka, dole tsohon asusun ya riƙe kashi 20 cikin ɗari na haraji, wato dala 36,000, kuma kwana 60 kawai gare ka ka zuba cikakkun 180,000 a sabon asusun, ka cike giɓin daga aljihunka. Abin da ba ka cike ba ya zama cirewa, da harajinsa da tararsa. Ka yi sa'a kuɗin na tsohon wurin aiki ne. Na inda mutum yake aiki yanzu galibi ba a barin a ɗauke su kafin shekara 59 da rabi.

In ka samu gida, sunan mai saye a takardar ciniki ba naka ba ne. Ana rubuta sunan kamfanin riƙon, sai haruffan FBO, waɗanda ke nufin "don amfanin", sai sunanka da kalmar IRA. Haka za a rubuta a takardar mallaka, da inshora, da yarjejeniyar haya. Kafin alƙalami ma daga asusun zai fito. A nan mutane da yawa suke yin tuntuɓe tun a matakin farko: dillali ya ce a kawo dala 2,000 yau kafin wani ya riga ka, mutum ya rubuta cek daga asusunsa na banki da niyyar a mayar masa daga baya. Wannan cek ɗin hulɗa ce tsakaninka da asusun. Kai dai ka karanta takardun, ka sa hannu cewa ka gani ka amince, kamfanin riƙo ne zai sa hannun saye ya tura kuɗi. Idan kai dillalin gidaje ne mai lasisi, ba ka da la'ada a wannan cinikin.

Bayan saye, ƙa'idar ba ta da wuya a faɗa: duk abin da gidan ya kawo ya shiga asusun, duk abin da gidan ya ci ya fito daga asusun. Ɗan haya ba zai ba ka kuɗi a hannu ba, ba zai tura maka ta waya ba. Harajin gida, inshora, kuɗin ƙungiyar unguwa, mai gyaran famfo, duk asusun ne zai biya. Kai kuma ba za ka ɗauki buroshi ka yi fenti ba, ba za ka hau rufi ka toshe yoyo ba, ba za ka yanke ciyawa ba, ko da kyauta. Wannan yakan yi wa mutanenmu nauyi, domin mun saba mai gida shi ne farkon mai gyara, kuma a nan ribar ƙaramin gidan haya take fitowa. Doka tana kallon guminka a matsayin hidimar da ka yi wa asusun. Abin da ya rage maka shi ne yanke shawara: wane gida, wane ɗan kwangila, nawa za a sa haya. Hanya mafi tsabta ita ce a ɗauki kamfanin kula da gidaje wanda ba danginka na jerin nan ba, ya karɓi haya, ya biya ƙananan gyare-gyare, ya tura ragowar. Sukan karɓi wajen kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na haya.

Bari mu buga lissafi na misali da kuɗinka. A ce gidan dala 140,000 ne, kuɗin rufe ciniki da gyaran farko sun ci 10,000, saura 30,000 a asusun. A ce haya dala 1,300 ce a wata, kuma wata ɗaya a shekara gidan ba kowa, an samu 14,300. Cire harajin gida 2,400, inshora 1,200, mai kula 1,430, ƙananan gyare-gyare 1,500, kuɗin kamfanin riƙo 500. Saura 7,270. Wato ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na dala 150,000 da aka zuba, kuma wajen kashi 4 in ka haɗa da kuɗin da ke ajiye. In darajar gidan ta tashi, wannan ƙari ne. Lambobin garinku za su bambanta, musamman harajin gida, wanda a jihohi irin su Texas da New Jersey yana da nauyi ƙwarai. Amma ka yi irin wannan lissafin da lambobin gaske kafin ka sa hannu, kada ka tsaya a "haya 1,300 ce".

Dala 30,000 ɗin nan da aka bari su ne ran wannan tsari, kada ka yarda dillali ya lallashe ka ka sayi gidan 175,000. Dalili shi ne ba ka da ikon ceto asusun da kuɗinka yadda ka ga dama. A 2025 abin da doka ta yarda mutum ya zuba a IRA a shekara dala 7,000 ne, ko 8,000 ga wanda ya kai 50. To a ce rufi ya lalace ana neman 12,000, na'urar ɗumama gida ta mutu a tsakiyar hunturu, ɗan haya ya daina biya kuma fitar da shi ta kotu ya ɗauki wata uku. Asusun da ba shi da kuɗi a ajiye ya shiga tsaka mai wuya: ba za ka ranta masa ba, ba za ka biya ɗan kwangila da katinka ba, kuma hukumar gari ba ta jiran kowa a kan harajin gida. A irin wannan matsin ne mutum yake cewa bari in biya yanzu a gyara takardu daga baya, kuma daga nan asusun yake rushewa. Ni a ganina duk wanda ba zai iya barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin gidan a ajiye ba, gidan ya fi ƙarfin asusunsa.

Game da bashi, asusun yana iya cin bashi ya sayi gida, amma sai irin wanda gidan kaɗai ne jingina, wanda in an kasa biya mai bashi zai karɓi gidan ya tsaya nan, ba zai bi ka ba. Tsaya wa bashin da sunanka shi ne kuskuren Peek. Bankunan da ke ba da irin wannan kaɗan ne, sukan nemi asusun ya biya kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ko fiye, kuma kuɗin ruwansu ya fi na bashin gida na yau da kullum. Sannan bashi yana jawo haraji a cikin asusun da aka ce ba ya biyan haraji. Sashe na 514 ya ce kason ribar da bashi ya samar ana biya masa haraji. In rabin kuɗin gidan bashi ne, kusan rabin ribar haya ta shiga lissafi, a cike fom 990-T, asusun ya biya da kuɗinsa. A kan haya abin ba ya da yawa, domin ana cire kuɗaɗen da aka kashe da dala 1,000 ta farko. A ranar sayarwa ne yake ciwo, domin ana duba bashi mafi yawa da aka bi gidan a wata 12 kafin sayarwar, a ɗora haraji a kan wannan kaso na ribar. Matakan harajin ma irin na dukiyar da aka ba amana ne, ba na mutum ba, masu saurin hawa: a 2025 kuɗin shiga na yau da kullum da ya haura dala 15,650 ya riga ya kai kashi 37. Tunda da ma gudun kuɗin ruwa ne ya kawo ka, a nan addini da lissafi sun haɗu a wuri ɗaya: ka saya da kuɗi hannu, ka huta da duka biyun.

Za ka ji ana tallar wani tsari da ake cewa cek yana hannunka. Asusun ne yake kafa ƙaramin kamfani na LLC, ya mallake shi, a naɗa ka manaja marar albashi, kamfanin ya buɗe asusun banki, ya sayi gidan. Ana kafa hujja da shari'ar Swanson ta 1996, inda kotu ta ce asusun ya kafa sabon kamfani ba laifi ba ne. Amfaninsa sauri ne da rage kuɗin da kamfanin riƙo ke caja a kan kowace takarda. Illarsa ita ce babu mai tsayar da kai in za ka yi kuskure. Katin bankin kamfanin yana aljihu ɗaya da naka, ka sha mai da shi sau ɗaya bisa mantuwa, ka jawo magana. A shari'ar McNulty ta 2021, wata mata ta sayi tsabar zinariya ta irin wannan kamfani ta ajiye a gida, kotu ta ce ta cire kuɗin ke nan, ta biya haraji. Ga gida ɗaya mai ɗan haya ɗaya, ban ga abin da wannan tsarin zai ƙara maka ba in ban da haɗari da kuɗin rajista na shekara-shekara, wanda a California bai gaza dala 800 ba.

In kana da sana'ar kanka, ko tuƙin Uber ne ko babbar mota ko shago, kuma ba ka da ma'aikaci na cikakken lokaci in ban da matarka, akwai 401(k) na mutum ɗaya, kuma ta fuskoki da yawa ya fi IRA dacewa da gida. Abin da za ka iya zubawa ya fi yawa nesa, har dala 70,000 a 2025 gwargwadon abin da sana'ar ta kawo, don haka cike asusun in gyara ya taso ya fi sauƙi. Harajin nan na sashe na 514 galibi ba ya hawa kan bashin sayen gida a cikinsa. In an yi kuskure, hukuncin farko tarar kashi 15 ne na abin da aka yi kuskuren a kai, tare da wajabcin gyarawa. Da zarar dukiyarsa ta haura dala 250,000 sai a riƙa cike fom 5500-EZ duk shekara. Jerin mutanen da aka hana hulɗa da su kuwa bai canza ba. Sana'ar kuma ta zama ta gaske mai kawo kuɗi, ba suna a takarda ba.

Akwai abin da masu tallar wannan harka ba sa son faɗa. Gida a hannun mutum da ma yana da gatan haraji mai yawa a Amurka, kuma in ka sa shi a IRA na gargajiya, wato wanda ake jinkirta harajinsa har ranar cirewa, ka zubar da gatan. A waje, kana rage darajar ginin a takarda cikin shekara 27 da rabi, abin da ke rage harajin haya. In ka sayar bayan shekara ɗaya, harajin ribar kashi 15 ne ga yawancin mutane. In ka rasu, magada suna karɓar gidan a darajarsa ta ranar, tsohuwar ribar ta shafe. A cikin IRA na gargajiya babu ko ɗaya: duk dalar da ta fito, harajin albashi za a ɗora mata. Roth IRA, wanda aka kafa da dokar 1997, shi ne ya fi dacewa da gida, domin in asusun ya yi shekara biyar kuma ka cika shekara 59 da rabi, haya da riba duk suna fita ba haraji. Sai dai mayar da 180,000 zuwa Roth yana nufin biyan harajinsu yanzu. Ana iya yi kashi-kashi cikin shekaru, a biya harajin da kuɗin waje.

Sai maganar tsufa. Tunda an haife ka bayan 1960, daga shekara 75 dole ka fara cire wani kaso duk shekara daga IRA na gargajiya. A shekarar da ka cika 75 ana raba darajar asusun da 24.6. In gidan da kuɗin sun kai dala 300,000, za ka cire wajen 12,200, kuma kason yana ƙaruwa kowace shekara. Wanda bai cire ba tararsa kashi 25 ne na abin da ya kamata ya cire bai cire ba. Ba a yanko ɗaki ɗaya a sayar, saboda haka ko haya ta tara isassun kuɗi, ko kana da wani IRA da za ka cire daga ciki, ko a riƙa mayar da wani kaso na gidan sunanka ana biyan haraji, ko a sayar. Duk shekara ma kamfanin riƙo zai nemi ka kawo darajar gidan ta ranar 31 ga Disamba don ya kai wa IRS a fom 5498, kuma ranar cirewa ko mayarwa Roth sai an kawo mai kimanta gida na gaske.

Ka sani kuma kamfanin riƙo ba ya bincika maka komai. Ba ya duba ko gidan yana da kyau, ko farashin daidai ne, ko ma gidan yana nan. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta sha gargaɗin cewa 'yan damfara suna fakewa da sunan waɗannan kamfanoni don a ɗauka an tantance hajarsu. Duk wanda ya gayyace ka taron cin abinci, ya ce ga gida an gyara, ga ɗan haya a ciki, ga riba tabbatacciya, kai dai ka turo IRA, ka je ka ga gidan da idonka, ka ɗauki mai duba gini naka, ka sayi inshorar takardar mallaka.

Mu dawo Kano. Ko an cire Hajiya daga lissafin, aka ce gidan haya ne zalla, dokar Amurka ba ta hana IRA mallakar gida a ƙasar waje ba, amma kamfanonin riƙo da yawa ba sa karɓa, waɗanda ke karɓa kuma sukan bi ta kamfani. A can gida, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke samu haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma canza hannu sai da amincewar gwamna. Takardar dole ta fito da sunan asusun ko kamfaninsa. In ta fito da sunanka, ko da sunan wani ɗan'uwa "don sauƙi", ka cire kuɗin ke nan. Haya kuma dole ta koma asusun, ba za a ce a ba Hajiya kuɗin cefane daga ciki ba, ko a biya kuɗin makarantar yara. Duk wanda ya san gida ya san wuyar riƙe wannan iyaka: gidan ɗanta yana unguwa, baƙi sun zo biki, a ce ba za su sauka a ciki ba? Ga kuma canji. A 2015 dala tana wajen naira 200, a 2024 ta haura 1,500. Gidan da kuɗinsa ya ninka sau biyar a naira cikin waɗannan shekaru, a dala faɗuwa ya yi, kai kuma da dala za ka yi ritaya in a Amurka za ka zauna.

Kada kuma ka gwama wannan da abin da ake yi a Najeriya. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta ba ma'aikaci damar ɗaukar har kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa ya biya kasonsa na bashin gidan da zai zauna. Can gidan zama ake nufi. A IRA kuwa akasin haka ne, gidan da kai da iyayenka ba za ku taɓa zama ba.

Gina wa mahaifiya gida niyya ce mai kyau, a yi ta da kuɗin da ba su da wannan ƙulli. In dole sai an taɓa kuɗin ritaya, a cire a fili a biya abin da ya hau: a kashi 24 da tarar kashi 10, sai ka cire wajen dala 60,600 kafin 40,000 su rage a hannunka, ban da harajin jiha. In ka cancanci 401(k) na mutum ɗaya, kana iya rantar har dala 50,000 ko rabin asusun, wanda ya fi ƙanƙanta, ka yi abin da kake so da su, ka mayar cikin shekara biyar. Ana ɗora ƙari a kan rancen, amma asusunka yake komawa, kuma hukuncinsa a shari'a tambaya ce ta malamai. Haka ma zakka: gidan da aka riƙe don haya, a kan kuɗin hayar ake duba ta, wanda aka saya don sayarwa kuwa hukuncin kayan kasuwa yake bi, kuma malamai sun saɓa a kan kuɗin ritayar da mutum bai kai ga cirewa ba. Abin da ya shafi haraji dai shi ne, in ka fitar da zakka daga cikin asusun, cirewa ce, don haka a biya daga waje. In kuma kuɗin ruwa ne kaɗai damuwarka, akwai asusun hannun jari da ake tacewa bisa shari'a, irin su Amana, waɗanda IRA na yau da kullum zai iya saya ba tare da ɗan haya ko rufi ba. Raba kuɗin, wani kaso can wani a gida, ya fi a zuba duk abin da ka tara a gini ɗaya a titi ɗaya.

Ranar da za ka buɗe asusun za a ba ka takardar wanda zai gāji asusun. Kada ka cike ta a tsaye. Abin da ka rubuta a nan shi ake bi, ko wasiyyarka ta faɗi wani abu dabam. A 401(k) doka ta ba matar aure asusun sai in ta yafe a rubuce, a IRA kuwa wanda ka rubuta ne, in ban da jihohi irin su Texas da California inda mata ke da haƙƙi a dukiyar da aka tara cikin aure. In kana son rabon ya bi gādo na Musulunci, Hajiya da matarka da 'ya'ya kowa da kasonsa, sai lauyan da ya san harkar ya tsara takardar ta dace da hakan. Yawancin magadan da ba mata ko miji ba, dokar 2019 ta ba su shekara 10 su kwashe komai daga asusun, don haka 'ya'yanka za su sayar da gidan ko su karɓe shi da sunansu su biya harajinsa a cikin wannan wa'adi.